Tambaya da Amsa: Halittun Teku a Dutsen Kalambaina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata a Gusau. A zango mai zuwa zan koyar da 'yan aji uku darasin burbushin halittu da sauye-sauyen halitta, wanda yake cikin manhajar WAEC da NECO, amma kowace shekara sai in ga ɗalibaina sun haddace shi ne kawai don cin jarrabawa, ba su yarda akwai irin waɗannan abubuwa a zahiri ba. Na ji cewa a wasu ƙasashe gidajen tarihi kan ara wa makarantu kayansu. Shin hakan zai yiwu a nan, kuma ina zan nufa? Sannan yaya zan yi da ɗalibar da za ta miƙe ta ce ana so a koya mata cewa kakanta biri ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri bisa wannan himma. Abin da kika ji gaskiya ne. Gidan tarihin Field da ke Chicago a Amurka ya fara ara wa makarantu akwatunan kayan nazari tun 1911, kuma gidajen tarihi da dama a Ingila suna yin haka. A wurinmu kuwa ƙofar da ya kamata ki fara ƙwanƙwasawa daban take. Gidajen tarihinmu irin su na Jos da aka buɗe a 1952, da na Kaduna, da Gidan Makama a Kano, mafi yawan abin da suka adana aikin hannun ɗan Adam ne, kamar mutum-mutumin Nok da tufafi da makamai, kuma irin waɗannan kaya ba a fitar da su cikin sauƙi. Burbushin halittu, wato ragowar halittun zamanin da da suka zama dutse, ya fi samuwa a sassan nazarin ƙasa da duwatsu na jami'o'i, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Ahmadu Bello a Zariya, da Bayero a Kano, domin ɗalibansu kan fita daji aikin nazari su dawo da samfura masu yawa. Ki rubuta wasiƙa da takardar makaranta, shugabar makaranta ta sa hannu, ki faɗi abin da kike so da ranar karɓa da ranar mayarwa. Kada ki nemi abin da guda ɗaya ne tak a wurinsu. Ki nemi irin waɗanda suke da su da yawa, da kwafin da aka zuba da filasta. In har za a haɗa ki da wani ɗalibin digiri na biyu ya rako kayan ya kuma yi wa yara bayani, to an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin hankalin masu kayan zai fi kwanciya.

Shawarata mafi girma ita ce ki roƙi na ƙasarmu tun kafin na waje. Dutsen da ake fasawa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, ana yin siminti da shi, cike yake da ɓawon katantanwa da makankari da bushiyar teku, waɗanda suka rayu shekaru wajen miliyan 55 zuwa 60 da suka wuce, lokacin da wani reshen teku ya ratso Sahara ta Mali da Nijar ya shimfiɗu a kan wannan yanki. A dutsen simintin Ashaka ta jihar Gombe akwai amonait, wata halittar teku mai ɓawo a nannaɗe kamar ƙahon rago, mai shekaru kusan miliyan 90. A ƙasar Goronyo kuwa an tono ƙasusuwan wani ƙaton mai rarrafe na cikin teku, ɗan'uwan guza da tsari, wanda aka fara bayaninsa a 1930, aka kuma raɗa masa sunan Goronyosaurus a 1972. Yarinyar da ta san Goronyo da albasa da madatsar ruwa, idan ta ji cewa sunan garin yana cikin littattafan kimiyya na duniya saboda wata dabbar teku, darasin ya tashi daga labarin Turawa ya koma labarin gidansu. Za ki iya ƙara musu da cewa dutsen Kwatarkwashi da ke maƙwabtaka da ku ba a samun irin wannan a cikinsa, saboda narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa, alhali burbushi yana zama ne a cikin dutsen da ya samu daga laka da yashi da suka yi ta kwanciya a ƙasan ruwa.

Ranar da kayan suka zo, ki ƙirga su a gaban 'yan aji, ki kuma sake ƙirgawa kafin a tashi. A raba yara biyar-biyar, a shimfiɗa zane a kan faranti, a riƙe komai da hannu biyu kusa da tebur, kada a wanke da ruwa, kada kuma a ɓamɓare lambar da ke jiki, domin ita ce ke nuna inda aka samo shi. Sannan ki daure ki yi shiru na ɗan lokaci. Kada ki faɗi sunan komai tukuna. Ki ajiye makankari na yanzu da katantanwa da ƙayar kifi da ƙahon rago a gefe, ki sa su zana abin da ke hannunsu, su kwatanta nauyi da siffa, su faɗi da bakinsu me ya yi kama da me. Tambayar yadda aka yi ɓawo ya zama dutse daga gare su za ta fito, a nan ne za ki bayyana cewa idan laka ta rufe gawa da wuri, ruwa mai ɗauke da ma'adinai yakan ratsa ƙofofin ƙashi ko ɓawo ya cike su sannu a hankali, wani lokaci kuma ɓawon ya narke ya bar gurbinsa kawai. Su danna makankari a yumɓu, su cire, su zuba narkakken kyandir a gurbin, za su ga yadda hakan ke faruwa. Gani ya kori ji.

Abin da ya fi ba yara wuya shi ne tsawon zamani, domin miliyan a wurinsu kalma ce kawai. Ki samo igiya mai tsawon mita 46 ki shimfiɗa a filin makaranta a matsayin shekarun duniya biliyan 4.6, wato kowane santimita ɗaya shekara miliyan ɗaya ke nan. Amonait na Ashaka zai tsaya santimita 90 daga ƙarshen igiyar, ƙarewar dainoso, wato ƙattin masu rarrafen nan na zamanin da, santimita 66, dutsen Kalambaina ƙasa da 60, ɗan Adam irin namu milimita 3, kwalekwalen Dufuna kuwa da aka gano a Yobe a 1987, mai shekaru kusan 8,000, bai wuce kaurin gashi ɗaya ba. Idan suka tambayi yadda aka san shekarun, ki tuna musu da mai haƙa rijiya, wanda ya san cewa ƙasar da ke ƙasa ta riga ta sama kwanciya, sannan ki ƙara da cewa wasu sinadarai irin su yuraniyom suna rikiɗa da sauri sananne wanda ake aunawa a ɗakin gwaji.

Game da sauye-sauyen halitta, ina ganin kuskure ne a fara da ɗan Adam. Ki fara da abin da iyayensu suka shaida: kulorokwin ya yi shekaru yana maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ƙwayoyin cutar da suka iya jure masa suka tsira suka hayayyafa, har Najeriya ta sauya magani a 2005. Ki kawo nau'o'in shanu irin su Bunaji da Bokolo da Rahaji, waɗanda makiyaya suka bambanta ta hanyar zaɓen bijimin da zai yi barbara, da gero da ɗan'uwansa shibra. Abin da masanin halittu ɗan Ingila Darwin ya kawo a 1859 shi ne cewa muhalli ma yana yin irin wannan zaɓe, kuma idan zamani ya yi tsawo bambancin yakan yi nisa ƙwarai. Duwatsun da ke kan faranti su ne shaidar cewa halittun jiya sun sha bamban da na yau, kuma sun zo bi da bi.

Ita kuwa ɗalibar da za ta miƙe, ki saurare ta da mutunci, kada ki bari a yi mata dariya. Ki gyara mata cewa masana ba su ce mutum ya fito daga birin da muke gani ba. Cewa suka yi mutum da wasu manyan birai sun haɗa tushe shekaru miliyan 6 zuwa 7 baya, kuma daga cikin hujjojinsu akwai ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta da aka raɗa wa suna Tumai, wanda aka gano a hamadar Jurab ta Chadi a 2001. Kada ki ɓoye mata cewa wannan ma ya bambanta da abin da aka koya mana game da halittar Annabi Adamu, alaihis salam, domin yara suna gane wanda ke yi musu kwana-kwana. Akwai malaman Musulunci da suka yarda da sauyi a dabbobi da tsirrai suka keɓe Annabi Adamu, akwai kuma waɗanda suka ƙi batun baki ɗaya, kuma hukuncin aƙida na malaman addini ne. Naki aikin shi ne ta san hujjar da abin da masana suka fahimta daga gare ta. Duban waɗannan duwatsu dai ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi: aya ta 20 a Suratul Ankabut ta yi umurni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta, kuma shekaru kusan dubu da suka wuce masanin nan Musulmi Albiruni ya ga ɓawon halittun ruwa a cikin duwatsu ya rubuta cewa hamadar Larabawa ta taɓa zama teku.

TAMBAYA: Malam, ɗana yakan tsinto wasu duwatsu masu kama da haƙora idan ya je kiwo, wani baƙo kuma ya ce zai saya. Me ya kamata in yi? Daga wani mahaifi a jihar Tawa.

AMSA: Kada ka sayar, Malam. Yankinku na cikin wuraren da wancan teku ya rufe, don haka haƙoran kifi da na kada suna fitowa a can, kuma dokar Nijar ta 1997 kan kare kayan tarihi ta hana fitar da irinsu ba da izini ba. Ƙasarku ta yi suna a wannan fanni: a Gadufawa, kudu maso gabashin Agadas, aka samo dainoso Ouranosaurus da ƙaton kadan nan Sarcosuchus da wani dainoso Nigersaurus mai haƙora sama da 500, kuma akwai ƙasusuwan dainoso a tsaye a gidan tarihin Bubu Hama da ke Yamai. Ka sa yaron ya nuna maka ainihin wurin, ka ɗauki hoto da waya, kada ku tona abin da ke binne, domin ƙashin da aka raba da mazauninsa ya rasa rabin labarinsa. Waɗanda ya riga ya tsinto a naɗe su a tsumma, a rubuta sunan wurin da ranar, a kai wa malamin kimiyya na makarantar garinku, shi kuma ya sanar da gidan tarihin ko Jami'ar Abdu Mumuni.