Tambayi Likita: Masu rainon yara a gida, tsakanin tukunya, goyo da takarda

Tambayoyin wannan mako duk daga mata suka zo, masu karɓar rainon 'ya'yan ma'aikata a gidajensu. Uwa ta kawo ɗanta da bakwai na safe ta wuce ofis ko makaranta, sai bayan la'asar ta dawo. A tsakanin nan mai raino ce uwa, ita ce mai girki, kuma aikin gidanta na kanta yana nan yana jiranta. Na haɗa tambayoyin wuri ɗaya don kusan damuwar iri ɗaya ce.

Tambaya: Likita, yara shida nake raino, biyu ba su kai shekara ba. Wanke-wanke da girkin maigida sai su kai ni magariba. Wata maƙwabciya ta ce in riƙa ba su rabin cokali na maganin mura da rana, su yi barci in samu in yi aiki. Ta ce kowa na yi. Akwai illa? (Daga Kaduna)

Amsa: 'Yar'uwa, na gode da kika tambaya kafin ki aikata. Don Allah kada ki ba su. Magungunan mura da na ƙaiƙayi masu sa barci, irin su Piriton da Phenergan, ba barcin lafiya suke kawowa ba, ƙwaƙwalwa suke dannewa. A jikin ƙaramin yaro, musamman wanda bai kai shekara biyu ba, suna iya rage numfashi. Wani yaron kuma maimakon barci sai ya rikice, zuciyarsa ta yi ta bugawa, har ta kai ga jijjiga. Idan maganin tarin mai kodin ne abin ya fi muni, kuma tun 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta haɗa shi da shigo da shi.

Na taɓa karɓar wani yaro ɗan wata goma sha huɗu da yamma, uwarsa ta ɗauko shi daga gidan raino jikinsa laƙwas, kai yana lilo a kafaɗarta, yawu na zuba, a tashe shi ya buɗe ido ya sake rufewa. Muna ta neman sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, sai can mai rainon ta zo tana kuka ta fito da kwalbar daga jaka. Ba muguwa ba ce, aiki ne ya fi ƙarfinta. Yaron ya tashi da ikon Allah, amma mun kwana a kansa.

Abin da ke damunki kuwa gaskiya ne, taura biyu ba sa taunuwa lokaci guda. Shawarata ki raba ayyukan gida kashi biyu: wanda ke buƙatar wuta ko ruwa mai yawa, da wanda ake yi a zaune. Na farkon ki gama shi kafin yaro na farko ya shigo. Jajjage da gyaran kayan miya tun daren jiya, miya ta dahu bayan sallar asuba, da rana ɗumame kawai. Wanki mai yawa a bar shi sai an watse ko ranar Asabar. Kayan da yaro ya ɓata a ɗauraye a ƙulle a leda uwarsa ta tafi da su, ba aikinki ba ne, kuma ki faɗa musu haka tun ranar farko.

Dalilin da na nace kan wuta da ruwa shi ne nan ne hatsarin yake. Yaro mai koyon tafiya kansa yana da nauyi idan aka kwatanta da girman jikinsa, in ya leƙa bokiti ya faɗa ba ya iya fitowa, kuma ba za ki ji ko motsi ba. Ruwan da bai kai rabin bokiti ba ya isa. A kife bokitai da bahuna, a rufe randa da rijiya, banɗaki a sa masa sakata daga sama. Kalanzir kada ya zauna a gorar lemo. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, asibiti kai tsaye, domin in ya sarƙe ya gangara huhu shi ne babbar matsalar. Ƙuna kuma ruwan sanyi mai tsafta za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai.

Barcin da kike nema zai zo ba tare da magani ba. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, wanda bai kai shekara ba ma fiye da haka. Su yi guje-guje da safe, su ci su ƙoshi, a rage haske, a shimfiɗa tabarma a wuri ɗaya kuma lokaci ɗaya kullum, misali bayan azahar. Cikin mako biyu jikinsu zai saba. Jarirai a kwantar da su rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, babu filo. Ke kuma ki zauna a ɗakin, a nan za ki yi tsintar shinkafa, ninkin kaya da rubutunki. Sannan in faɗa miki ra'ayina: yara shida, biyu na goye, sun yi wa mutum ɗaya yawa. Ko ki samu babbar mace ta taya ki, ba yarinya 'yar shekara tara ba, ko ki rage.

Tambaya: Likita, iyaye na cewa na cika tsirfa don na ce su kawo katin rigakafi. Ni ma rubuce-rubucen sun fara isata, ga lissafin kuɗin wata, ga na abinci. Wanne ne dole? (Daga Kano)

Amsa: Hajiya, ba tsirfa ba ce, ki riƙe wannan da kyau. Ke da ke Kano kin ga abin da mashaƙo ya yi tun ƙarshen 2022, kuma yawancin yaran da ya kwantar ba su kammala rigakafi ba. Allurar da ke kare shi tana cikin wadda ake kira Penta, ana yi a sati 6, sati 10 da sati 14. Ta ƙyanda ana yi a wata 9, a maimaita a wata 15. Jaririn wata biyar da ke ɗakinki bai kai a yi masa ta ƙyanda ba, kariyarsa ta dogara ne da cewa manyan da ke rarrafe kusa da shi an yi musu. Ki ɗauki hoton katin a wayarki ki mayar wa uwar, in kin ga gurbi ki tuna mata cewa a asibitin gwamnati kyauta ne.

Game da yawan rubutu, littafi ɗaya mai bango mai ƙwari ya isa. Kowane yaro shafi ɗaya a gaba: cikakken suna, ranar haihuwa, lambar uwa da ta uba da ta mutum na uku, wanda aka yarda ya zo ɗaukarsa, abincin ko maganin da jikinsa ba ya so, da ciwon da yake da shi, sikila ko asma ko farfaɗiya. Sau ɗaya ake rubuta wannan. Na kullum kuwa layi ɗaya ne ga kowane yaro: ya ci ko bai ci ba, ya yi bayan gida sau nawa, zazzaɓi, faɗuwa.

Wanda ba na yarda a yi wasa da shi shi ne rubutun magani. Kada ki karɓi magani sai a kwalbarsa ta asali, uwar ta rubuta adadi da lokaci da hannunta, ta kuma faɗi ƙarfe nawa ta ba shi a gida. Ke ma kina bayarwa ki rubuta nan take. Sau da yawa uwa ta ba da farasitamol da bakwai, mai raino ta ƙara da tara, uba ya ƙara da ya ɗauko shi, alhali tsakanin sha da sha bai kamata ya gaza awa 4 zuwa 6 ba, kuma yawansa hanta yake ci. Idan aka kawo mini yaro a rikice, tambayata ta farko ita ce me ya sha, ƙarfe nawa. Mai littafi tana ba ni amsa cikin minti ɗaya.

Lissafin kuɗi ki kai shi bayan littafin, ki ware masa rana ɗaya a mako. Shi yana iya jira.

Tambaya: Uwa ta kawo ɗanta yana gudawa, ta ce ba ta da halin fashin aiki. Na ji nauyin mayar da ita, yanzu yara uku sun kama. Yaya zan yi nan gaba? (Daga Maraɗi)

Amsa: Kunyar da kika ji na fahimce ta, amma ga sakamakon kin gani. Ki kafa ƙa'ida tun ana lafiya, ki karanta wa kowace uwa ranar da ta fara kawo ɗanta, don kada wata ta ga da ita ake. Mai gudawa ko amai ya zauna gida sai kwana biyu bayan ya tsaya. Mai ƙyanda sai aƙalla kwana huɗu bayan fitowar ƙuraje, mai ƙarambau sai duk ƙurajen sun bushe. Zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni, a kira uwa. Jaririn da bai kai wata uku ba in ya yi zazzaɓi asibiti ne a ranar.

Yara ukun da suka kama gudawar a ba su ORS, haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, wato ruwan leda biyu, abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar. A haɗa da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. Ido ya faɗa, yaro ya kasa sha, jini a bayan gida, ko ya yi laushi, kada a jira, a kai shi asibiti. Ke kuma sabulu da ruwa bayan kowane tsarki da kafin taɓa abinci, kuma wurin canza wa yara ƙunzugu ya yi nesa da inda ake dama kunu.

Tambaya: Shekarata 46, shekara takwas ina raino. Bayana da wuyan hannuna ciwo kullum, sai na sha maganin ciwon jiki nake iya barci. (Daga Zariya)

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Wadda ke ɗaga yaro mai kilo goma sau talatin a yini dole bayanta ya yi magana. Ki daina sunkuyo da ƙugu. Ki durƙusa, ki jawo yaron jikinki, ki miƙe da ƙarfin cinya. Wanda ya iya tafiya ki zauna ya hau cinyarki da kansa. Ciwon wuyan hannu ta gefen babban yatsa yawanci daga ɗaga yaro ta hammata yake, yatsan a buɗe. Ki tallafo shi ta ƙasa da tafin hannu da damtse. Wanki a tsugune kan baho kuma ki ɗora bahon a kan benci.

Maganin nan na kullum ya fi ciwon damuna. Irin su diclofenac da ibuprofen, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a kemis, in aka daɗe ana sha suna kawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini. Ki je a auna jininki, a duba ƙoda da yawan jini, don gajiyar da ba ta tafiya wani lokaci ƙarancin jini ne. In ciwon yana sauka ƙafa da sanyin ƙafa ko dindiris, ko fitsari ya fara kuɓuce miki, wannan na gaggawa ne. Kuma na san masu raino da yawa ba sa karyawa sai azahar, suna riƙe fitsari don babu mai tsaya musu. Ki ci lokacin da yaran ke ci, ki ajiye gorar ruwanki kusa.

Tambaya: Wata uwa tana kawo nonon da ta tatsa, mu kuma wuta ba ta zama. Awa nawa zai yi? (Daga Jos)

Amsa: A ɗaki mai sanyi-sanyi awa 4, lokacin zafi ki ba shi da wuri fiye da haka. A cikin kula mai ƙanƙara zai kai yini. Uwar ta raba shi ƙananan mazubai masu murfi, ta rubuta suna da lokacin da ta tatsa. Ba a tafasa shi, a tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi kawai, a ba shi da ƙaramin kofi mai tsafta. Abin da ya rage bayan ya sha, in ya wuce awa 2 a zubar. Kada ki ƙara masa ruwa ko kunu kafin wata shida, zuma kuwa sai ya cika shekara.