Wa'adin dillali ya kusa cika, gida bai sayu ba: yaushe zan tunkari mai gidan?

TAMBAYA: Malam, ban daɗe da shiga dillancin gidaje ba. Nakan ga gida ya yi watanni a kasuwa babu mai saye, yarjejeniyar mai shi da dillalinsa kuma ta kusa ƙarewa. Zan iya neman aikin tun yanzu? In na je, me zan faɗa masa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ka dakata tukuna. Muddin yarjejeniyar tana raye, musamman wadda ta ba dillali ɗaya tilo ikon sayarwa, zuwanka shiga cinikin wani ne. A Amurka, sashe na 16 na ƙa'idojin ƙungiyar dillalai ta NAR ya hana hakan. Sai dai in mai gidan ne ya neme ka da kansa. To, za ku iya shirya yarjejeniyar da za ta fara aiki bayan ta yanzu ta ƙare.

Wa'adin yakan kasance wata 3 zuwa 6. Ranar da ya cika, fara tabbatarwa ba a sabunta ba. Sannan ka roƙi ganin tsohuwar takardar, domin sau da yawa akwai sharaɗi a ciki: idan wanda tsohon dillali ya kawo ya dawo ya saya cikin wasu watanni, la'ada ta tsohon dillalin ce. Ka nemi sunayen waɗannan mutane a rubuce, in ba haka ba mai gida zai iya biyan la'ada biyu, ko ku ƙare a kotu.

Abin da za ka je da shi kuwa ba kirarin kanka ba ne. Mutumin ya gaji, ya sha alkawari. Abin da yake so ya ji shi ne dalilin da gidansa ya ƙi sayuwa. Tambaye shi: mutum nawa suka zo dubawa, nawa suka taya? In ba a zo ba sam, farashi ya yi sama ko hotuna da tallar ba su da kyau. In an yi ta zuwa amma ba tayi, akwai abin da ido ke gani a ciki: yoyon rufi, tsagewar bango, wari, duhu. In an taya, an sallama, ciniki ya warware, duba takardun mallaka ko bashin bankin mai saye.

Ka riƙo bayanin gidaje 3 zuwa 5 masu kama da nasa a girma, ɗakuna da shekaru, waɗanda aka sayar kusa da shi cikin wata 6. Waɗanda aka sayar fa, ba waɗanda ake nema wa kuɗi ba. Babban kuskuren sabon dillali shi ne ya ɗora farashi don a ba shi aikin. Gidan ya sake kwantai, masu saye su fara zargin akwai aibi.

Kada ka zagi wanda ya gabace ka. Mai gida ne ya zaɓe shi, zagin zai ji kamar da shi kake.

Makon farko bayan cikar wa'adi, wayar mai gida ba ta hutawa, kowane dillali na kira. Gajeriyar wasiƙa tare da bayanin gidajen nan da aka sayar ta fi shiga, sai ka waiwaye shi bayan mako 2, kuma bayan wata guda. Kafin ka buga waya, duba dokar ƙasarka. A Amurka tun 2003 akwai rajistar lambobin da aka hana 'yan talla kira, kuma ana cin tarar wanda ya karya.