Gibson na 1968 ko Pedro na 2000?

Gurbin mai jifa ɗaya ya rage maka a wasan besbol na kwamfuta, kana tambaya kakar Bob Gibson ta 1968 za ka saka ko ta Pedro Martinez ta 2000. Ɗauki ta Pedro. ERA shi ne matsakaicin makin da ake ci a hannun mai jifa a kowane inin tara (inin zagaye ne na wasa), kuma ƙarami ya fi kyau. ERA ɗin Gibson na 1.12 ya fi 1.74 na Pedro ɗaukar ido, amma 1968 shekara ce da masu jifa suka ci karensu ba babbaka. Tsayin tudun da mai jifa ke tsayawa a kai inci 15 ne a lokacin, abin da ke ba mai jifa fifiko, sai a 1969 aka rage shi zuwa 10, kuma da matsakaicin bugu na .301 kacal (kusan nasara uku cikin ƙoƙari goma) Carl Yastrzemski ya zo na ɗaya a bugu a American League, ɗaya daga cikin manyan gasa biyu na besbol a Amurka. Shi kuwa Pedro ya yi nasa ne a shekarar da matsakaicin ERA na gasar ya kusa kai 5.

Sai dai kafin ka danna, leƙa saitin wasan ka ga ko yana daidaita alƙaluma da zamanin ɗan wasa. In ɗanyensu yake ɗauka, Gibson zai fi maka amfani, don injin bai san komai game da tudu ba. Ka kuma duba batun gajiya, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Gibson ya jefa inin sama da 300, ya ƙarasa wasa 28 shi kaɗai, Pedro kuwa 217 ya jefa. In ka saka Pedro, tanadi masu jifa na canji biyu ko uku masu ƙarfi, in ba haka ba za ka riƙa zubar da wasa a inin na takwas.