Tambaya da Amsa: Manhajar cike rubutu ta rikita mini aiki a shago

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a Daura, inda nake buga wasiƙun neman aiki da katin ɗaurin aure da kundin kammala karatu na ɗalibai. Ƙanena ya sanya mini wata manhaja mai suna Espanso a kwamfuta, wadda idan na buga haruffa biyu ko uku sai ta fitar da jimla sukutum. Da farko na ji daɗinta ƙwarai, amma yanzu ta fara ba ni kunya a gaban masu kawo aiki. Na sa "kt" ya riƙa ba ni Katsina, sai ga shi na buga Oktoba a katin biki ya fito "OKatsinaoba". Haruffa masu ƙugiya kuma wani lokaci sukan fito alamar tambaya, wani lokaci ɗan akwati. Shekaranjiya na ƙara jimlar gayyata ta 'yan uwa da abokan arziki, tun daga nan ta daina aiki ɗungurungum. Shin in goge ta ne in huta? Daga wata mai karanta mu a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kada ki goge ta, domin duk abin da kika lissafa yana da magani, kuma babu wanda zai sa ki ɗauki kwamfutar zuwa wajen mai gyara. Abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne yadda manhajar take aiki. Ba ta san Hausa ba, ba ta san Turanci ba, madannai kawai take sa wa ido. Da zarar ta ga haruffan da kika ba ta sun jeru, sai ta goge su ta zuba abin da kika ajiye a madadinsu. Waɗannan haruffa su ne makunni, kuma yawancin matsalolinki daga zaɓen makunnin suka taso.

Duba Oktoba da kyau, za ki ga k da t suna maƙwabtaka a tsakiyarta, haka ma a Dakta, wanda da kin buga shi da ya koma "DaKatsinaa". Hanyar da na fi so ita ce a fara kowane makunni da harafin da Hausa ba ta amfani da shi. Abacadar boko ba ta da q, ba ta da v, ba ta da x, saboda haka "qkt" ba zai taɓa faɗo miki a tsakiyar kalmar Hausa ba, kuma ko a takardun Turanci da wuya ki ci karo da shi. Masu manhajar sun fi yin misali da alamar ruwa biyu a farkon makunni, ita ma tana aiki, sai dai tana buƙatar yatsu biyu, mai buga shafi talatin a yini kuwa ya san bambancin. Akwai kuma layin word: true da ake ƙarawa a ƙarƙashin makunni domin kada ya tashi sai ya tsaya shi kaɗai a matsayin kalma. Wannan ya dace da sunayen garuruwa, amma kada ki sa shi a haruffa masu ƙugiya, tunda su a cikin kalma ake bukatarsu, kamar a haɗa da taƙaita da ɓarna.

Ki kula da wani tarko a nan. Idan kin sa "qk" ya zama ƙ, sannan kin sa "qkt" ya zama Katsina, gajeren ne zai riga tashi, dogon ba zai samu dama ba har abada. Sai ki raba musu gida: q ga haruffa, wato qk da qd da qb da manyansu, x kuma ga kalmomi da jimloli, kamar xkt da xdr da xsallama.

Batun alamar tambaya da ɗan akwati cuta biyu ce daban, ko da yake mutane sukan haɗa su. Alamar tambaya na nufin harafin ya lalace tun wajen ajiye fayil. Makunnan Espanso suna zaune ne a fayil mai suna base.yml cikin foldar match, kuma dole a ajiye shi da tsarin UTF-8. Tsohon Notepad yakan ajiye da ANSI, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ya mayar da su alamar tambaya. Ki buɗe fayil ɗin, ki sake rubuta haruffan da suka lalace, ki zaɓi UTF-8 wajen ajiyewa. Ɗan akwati kuwa yana nuna harafin lafiyarsa lau, samfurin rubutun da kika zaɓa ne ba shi da surarsa, abin da ya fi faruwa da samfuran ado da ake so a katin biki. Charis SIL da Andika da Noto Sans kyauta ne, kuma duk suna da haruffanmu. Wannan hanya ta manhajar ta fi ta dā da muka saba da ita, inda ake aro maɓallan baka su tsaya a madadin masu ƙugiya, idan aka kai takardar wata kwamfuta sai a ga ƙasa ta koma "}asa". Harafin da manhajar ke zubawa na ainihi ne, ko a WhatsApp kika aika zai isa yadda yake.

Mutuwar da ta yi shekaranjiya kuwa, ina kyautata zaton 'yar alamar nan ce ta saman 'yan ta jawo. Fayil ɗin yana bin tsarin YAML, wanda kuskure ɗaya kan hana shi karantuwa gaba ɗaya. Idan aka kewaye jimla da alamar zance mai ƙwaya ɗaya, sai aka zo kan 'yan ko jami'a ko sana'a, tsarin zai ɗauka jimlar ta ƙare a nan, ragowar ta zame masa shirme. Mu masu rubuta Hausa sai mu lizimci alamar zance mai ƙwaya biyu a kowane layi na replace, wato layin da ake rubuta abin da manhajar za ta zuba. Ki kuma duba gefen hagu: layukan trigger, wato na makunni, da na replace su daidaita da na samansu, da maɓallin tazara, ba da maɓallin Tab ba, domin YAML ba ya karɓarsa. Idan kin gyara kin ajiye, manhajar takan sake karanta fayil ɗin da kanta, in ba ta yi ba sai ki kashe ta ki kunna.

Wasu abubuwa biyu za ki iya gamuwa da su nan gaba. A tsohuwar kwamfuta mai nauyin jiki wani lokaci haruffa kan zube ko su cakuɗe yayin fitowa. Maganinsa shi ne a rubuta backend: Clipboard a fayil ɗin default.yml, sai ta riƙa manna rubutun a dunƙule maimakon harafi bayan harafi. Haka nan idan aka buɗe wata manhaja da ikon mai kula da kwamfuta, Windows ba zai bar Espanso ta yi rubutu a cikinta ba sai ita ma an buɗe ta da wannan iko.

Abin da zan ja kunnenki a kai da gaske shi ne amanar mutane. Fayil ɗin nan a buɗe yake, duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai iya karanta shi, don haka kada ki ajiye kalmar sirri ko lambar NIN ko BVN ta kowa a ciki, komai yawan zuwansa shagon. Ki kuma kwafe foldar a filashi duk lokacin da ta daidaita, saboda ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar ajiya.

Tunda kuna dab da iyakar Kwangwalam, na san ba ki rasa masu kawo aiki daga Nijar. Su a can suna rubuta ƴ mai ƙugiya inda mu muke rubuta 'y, saboda haka ki ƙara "qy" domin katunansu su fito yadda suka saba gani.