Tambaya da Amsa: Kiwon Tururuwa a Cikin Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya kwaso tururuwa kusan 50 a bayan gida, ya zuba su a kwalba da ƙasa da gero. Kafin wata biyu sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Ina kuskuren yake?
Wata uwa, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Yaron bai gaza wajen abinci ba. Ma'aikata ya kwaso, ya baro uwarsu a rami, ita kuwa sarauniyar ce ke haifar sababbin ma'aikata. In babu ita, gidan ya mutu, ko da rumbu guda aka ajiye musu.

Kada ya tona rami neman ta, ɓarna kawai zai yi. Ya jira faɗuwar damina. Bayan an yi ruwa mai ƙarfi ƙasa ta jiƙa, sababbin sarauniyoyi kan fito su yi barbara a sama, sai kowace ta sauko ta karya fukafukanta tana neman inda za ta haƙa. Wadda yake nema ke nan: babba, mai kaurin ƙirji, tana tafiya ita kaɗai ba fiffike. A kula kada a ruɗe da shinge, wato gara mai fiffike da ke taruwa a fitila. Tururuwa ƙugunta siriri ne, gashin da ke kanta a lanƙwashe yake kamar gwiwar hannu. Gara ba ta da wannan ƙugun, nata gashin kuma a miƙe yake.

Ɗakinta na farko ƙarami ne ƙwarai. A nemi kwalbar gwaji irin ta ɗakin binciken makaranta, a zuba ruwa mai tsabta kashi ɗaya cikin uku, a tura auduga har ta taɓa ruwan ta tare shi. A sa sarauniyar, a toshe bakin da busasshiyar auduga, a naɗe da takarda, a kwantar a cikin durowa. Ba ta bukatar abinci a wannan lokaci, domin da naman ƙirjinta da ke kaɗa fukafukai da kuma kitsen jikinta take ciyar da 'ya'yan fari. Abin da ya fi wuya ga yaro shi ne haƙuri. Ya leƙa sau ɗaya a mako, ba ƙari. Yawan haska ta da girgiza kwalbar na iya sa ta cinye ƙwanta. Cikin mako 5 zuwa 8 za a ga ma'aikatan farko, ƙanana sosai.

Tambaya: Tururuwan da nake kiwo sun kai 30 tare da sarauniya, amma geron da nake ba su yana fumfuna, wani ma ya tsiro.
Wani ɗalibi, Samaru

Amsa: Malam, ruwa da hatsi ne suka haɗu wuri ɗaya. A daji tururuwa kan ajiye hatsinta a ɗakunan da suka bushe, ƙwai da tsutsa kuma a inda ke da danshi. Ka buɗe bakin kwalbar, ka kwantar da ita cikin faffaɗar roba mai murfi da ƙananan huji, ka riƙa zuba abincin a can nesa da audugar ruwa. Ƙwaya 10 zuwa 15 na acca, riɗi ko ɓarzajjen gero sun ishe su mako. Za ka ga suna tauna shi har ya zama kamar ƙulli, shi suke ci. Sau ɗaya a mako ka ƙara musu ƙafar fara ko guntun gyare, ka kwashe ragowar washegari.

Ka tabbatar hatsin ba wanda aka sa wa maganin ajiya ba ne. Haka nan feshin maganin sauro ko fiya-fiya a ɗakin na iya ƙarar da su a dare ɗaya, don haka ka fitar da robar kafin a fesa.

Hunturun Zariya na shanye ruwan kwalba da sauri. Da ka ga ya kusa ƙarewa, haɗa sabuwa, ka ajiye kusa da tsohuwar, ka rufe sabuwar da takarda ka bar tsohuwar a haske. Da kansu za su kwashe 'ya'yansu su koma. Da bazara kuma kada rana ta taɓa robar ko ta taga ce.

Tambaya: Yaya zan hana su fita su cika ɗaki?
Mai karatu, Sabon Gari

Amsa: Dama hodar jarirai mai santsi da ɗan sifirit, ka shafa a bakin robar ta ciki, faɗin yatsa biyu, ka bari ta bushe kafin ka mayar da su. Duk wadda ta hau sai ta zame. Ka sabunta duk lokacin da ka ga hodar ta goge.