Cututtukan da ake kwasowa a asibiti: me duniya ke yi?

Malam, ka tambaya ko akwai wani yunƙuri na ƙasashen duniya kan cutar da majiyyaci ke ɗauka a asibiti, ban da wadda ta kai shi. Akwai, kuma ƙasashe masu tasowa ne abin ya fi shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin majiyyata 100 da aka kwantar a irin waɗannan ƙasashe, kusan 15 kan kamu da wata cuta, alhali 7 ne a ƙasashe masu arziki.

A 2005 hukumar ta ƙaddamar da shirin tsaftar hannu. Abin da ya fi burge ni shi ne koya wa asibitoci haɗa sanitaiza da kansu. An gwada a asibitin Point G da ke Bamako: masu harhaɗa magunguna ke haɗawa, ma'aikaciyar jinya da 'yar kwalbarta a aljihu, tana shafawa kafin ta taɓa majiyyaci ko ta wanke ciwo.

Sai dai da sauran rina a kaba. Rahoton hukumar da UNICEF na 2022 ya nuna rabin cibiyoyin lafiya a duniya ba su da isassun kayan tsaftar hannu.