Gwaji bai ga ƙwayar HIV ba: ya halatta in daina shan magani?

Tambaya: Malam, shekara 3 ke nan ina shan maganin HIV. Gwajin jinina na ƙarshe ya nuna ba a ga ƙwayar ba. Wani ya ce Allah Ya yaye mini, ci gaba da sha raunin tawakkali ne. In daina?

Amsa: Allah Ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. Bai halatta ka daina ba, domin "ba a gani ba" daban, "babu" daban. Ƙwayar tana kama fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4, masu tsara garkuwar jiki. In ta shiga, sai ta dasa nata tsarin halitta a cikin nasu. Wasunsu sai su yi lamo shekara da shekaru da ita a ciki, magani ba ya tumɓuke ta, hana ta hayayyafa kawai yake yi. Sakamakonka yana nufin, a yawancin na'urori, ba ta kai 50 a mililita ɗaya na jini ba. In ka daina sha, galibi cikin 'yan makonni ta dawo. In CD4 suka yi ƙasa da 200 a maikrolita ɗaya na jini, an shiga ƙanjamau.

Mai ba ka shawara ya jingina da maganar malaman da suka ce barin magani ya fi, hujjarsu hadisin matar nan mai farfaɗiya ta zamanin Annabi (SAW) da ta zaɓi haƙuri. To amma ciwonta ba ya yaɗuwa, kuma ba tabbataccen magani aka miƙa mata ta ƙi ba. Malaman suna magana ne a kan maganin da amfaninsa zato ne. Naka kuwa an ga aikinsa a jininka. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce magani yana wajaba in barinsa zai kai ga halaka, ko cutar mai yaɗuwa ce. Duka biyun sun haɗu a kanka. Addu'a da ruƙiyya kuwa ba mai hana ka.

Ka kiyayi sha yau, bari gobe: haka ƙwayar ke bijire wa magani. In azumi ya zo, likita ya gyara maka lokacin sha. Ba ka ambaci aure ba, amma in kana nema, ka faɗa mata kafin a ɗaura, ko da maganin na kare ta. Haƙƙinta ne. Wallahu a'alam.